Francis Aston, Baturen da ya ƙera sikelin auna ƙwayar zarra

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da hatsi ko gishiri ko zinariya ya san ciniki ba ya faɗawa sai da awo, kuma sau da yawa gardamar sikeli takan fi ta farashi zafi. To yau tarihin wani ma'auni muka kawo wa masu karatu, sai dai shi abin da ya auna ido ba ya ganinsa. Sunansa Francis William Aston, mutumin Ingila, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya ƙera na'urar da ta auna nauyin ƙwayar zarra daidai wa daida, wato ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin nan da kowane abu na duniya ya ginu da su.

An haife shi ran 1 ga watan Satumba na shekarar 1877 a Harborne, kusa da birnin Bamingam. Shi ma ɗan gidan kasuwanci ne, domin mahaifinsa dillalin ƙarafa ne mai rufin asiri, yana kuma taɓa noma. Bayan makarantar kwana ta Malvern sai ya shiga kwalejin Mason da ke Bamingam, inda ya karanta ilimin sinadarai a hannun Percy Frankland, da ilimin fiziks a hannun John Poynting. Daga 1900 zuwa 1903 ya yi aiki a wani kamfanin giya a garin Wolverhampton. A waɗannan shekaru, in ya tashi daga aiki, sai ya shige ɗakin gwajin da ya haɗa wa kansa a gidan mahaifinsa, yana narka gilashi yana hura shi, yana ƙera famfunan zuƙe iska daga cikin kwalba. Wannan aikin hannu shi ne jarinsa na gaskiya, shi ya ci har ƙarshen rayuwarsa.

A 1903 ya koma jami'ar Bamingam yana binciken yadda wutar lantarki ke ratsa bututun gilashin da aka zuƙe wa iska. A nan ya gano wani ɗan siririn duhu da har yau masana ke kira da sunansa. Mahaifinsa ya rasu a 1908 ya bar masa gado mai kauri, ya ɗauki kuɗi ya zaga duniya, kana a 1910 babban masani J. J. Thomson ya gayyace shi jami'ar Kambirij ya zama mataimakinsa.

A lokacin akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. In aka ɗauki ƙwayar haidirojin, wadda ta fi kowace rashin nauyi, aka ce nauyinta 1 ne, to sinadarai da yawa nauyinsu kan faɗo a cikakken adadi, kamar 12 ko 16. Amma wasu sun ƙi. Iskar niyon ta tsaya a 20.2, kulorin kuma a wajen 35.5. A 1912 Thomson da Aston suka saka niyon a na'urarsu, maimakon alama ɗaya sai biyu suka fito, ɗaya a 20, ɗaya mai dishi-dishi a 22.

Lissafin ba baƙo ba ne ga ƴan kasuwa. Wanda ya sayi tiya tara ta gero a kan dala 20 kowace, ya ƙara tiya ɗaya a kan dala 22, ya zuba a buhu guda, kowace tiya ta tsaya masa a 20.2, alhali babu ko ɗaya da ya saya a wannan farashi. Haka Aston ya yi zato: niyon gauraye ne na iri biyu, halinsu ɗaya, nauyinsu daban, kamar Hassan da Husaini da ɗaya ya ɗan fi ɗaya jiki. Frederick Soddy ya riga ya fara kiran irin waɗannan tagwaye da sunan aisotof a 1913. Shi kuwa maigidan nasa Thomson bai gamsu ba, yana ganin wataƙila wata iska ce daban ta shiga.

Aston ya ɗaura aniyar raba su. Ya riƙa tace niyon ta cikin yumɓun da ake yin lofen taba da shi, ya tace, ya sake tacewa, watanni yana abu ɗaya, amma bambancin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka tura shi masana'antar jiragen sama ta Farnborough, inda ya yi shekaru yana binciken yadda rana da damina ke cin ƙyallen da ake rufe fikafikan jirage da shi a zamanin.

Da ya komo Kambirij a 1919 sai ya sake dabara. Abin da ya ƙera ya yi kama da shiƙar hatsi, inda iska kan kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuma ta zube kusa. Yakan sa wa ƙwayoyin cajin lantarki, su fita a guje ta ƴan tsagogi biyu sirara, ƙarfin lantarki ya karkatar da su gefe guda, sannan maganaɗisu ya lanƙwaso su ɗaya gefen. Marasa nauyi sun fi lanƙwasuwa. Gwanintar ita ce ya daidaita ƙarfin biyu ta yadda duk ƙwayoyin da nauyinsu ɗaya, mai sauri da mai nawa, wuri guda za su sauka a kan gilashin ɗaukar hoto, su bar layi. Kuskuren awon bai wuce 1 cikin 1000 ba. Niyon ya ba da layi biyu, 20 da 22. Kulorin ya ba da 35 da 37, kashi uku na farko, kashi ɗaya na biyu. Gardama ta ƙare.

Daga nan ya bi sinadarai ɗaya bayan ɗaya, har ya gano aisotof 212 a tsawon aikinsa. Ya kafa ƙa'idar cewa nauyin kowane aisotof yana dab da cikakken adadi. A 1922 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai, yana da shekara 45. Adalci ne a ambaci Arthur Dempster na jami'ar Shikago a Amurka, wanda tun 1918 ya ƙera tasa na'urar ta wata hanya, kuma shi ya gano uraniyom mai nauyin 235 a 1935. Amma wajen naci da yawan abin da aka auna, babu wanda ya kamo ƙafar Aston a zamaninsa.

Abin da ya fi girgiza duniya cikin aikinsa ɗan ragowar awo ne, irin wanda wani zai share ya ce kuskuren sikeli ne. Haidirojin bai tsaya a 1 cif ba, 1.008 ne. Ƙwaya huɗu ke nan sun kai 4.032, alhali ƙwayar hiliyom da ake ganin daga su take samuwa 4 ce. Ina sauran ya tafi? Bisa lissafin Albert Einstein, nauyin da ya ɓace makamashi yake zama. A 1920 masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki wannan awo na Aston ya ce da alama daga nan rana ke samun zafinta, kuma daga baya aka tabbatar. Aston kansa ya hango haɗarin. A jawabinsa na karɓar Nobel ya yi gargaɗin cewa ranar da ɗan Adam ya iya sakin wannan ƙarfi zai mallaki abin da bai taɓa mafarki ba, kuma yana yiwuwa ya kasa riƙe linzaminsa. Duk da haka bai goyi bayan masu cewa a hana binciken ba. Ya ci gaba da gyara sikelinsa, na biyun ma kuskurensa bai wuce 1 cikin 10,000 ba.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, Amurkawa suka gina manya-manyan na'urori a Oak Ridge bisa wannan dabara ta lanƙwasa ƙwayoyi da maganaɗisu, suka riƙa tsame uraniyom 235, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na uraniyom da ake haƙowa ba, ko a Arlit ko a wani wuri. Da shi aka haɗa bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a watan Agustan 1945. Babu hannun Aston a wannan aiki, amma yana raye ya ji labari.

Jikokin na'urar tasa suna nan a ɗakunan gwaji na duniya, kuma sun shafi fatake fiye da yadda ake zato. Da irinsu ake gano ragowar maganin ƙwari a cikin wake da riɗi, da gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa, da jabun magunguna. Irin wannan gwaji na ragowar maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Mutum ne mai kaɗaici a wurin aiki, bai cika son mataimaki ba, ya fi yarda da hannunsa. A waje kuwa ɗan wasa ne, ga iyo, ga tanis, ga gudu a kan ƙanƙara, ga kiɗan fiyano da gogen Turawa. Yakan bi ayarin masana zuwa kallon husufin rana, ya je Kanada a 1932, ya je Japan a 1936. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Kambirij ran 20 ga watan Nuwamba na 1945 yana da shekara 68, ya bar wasiyyar dukiya mai yawa ga kwalejin Trinity inda ya zauna, da wasu ƙungiyoyin masana kimiyya. Daga baya aka raɗa wa wani rami da ke kan farin wata sunansa.