Gurgun Da Ya Ta Da Ƙasarsa Tsaye: Tarihin Franklin Roosevelt

Masu karatu, a wannan mako za mu waiwayi rayuwar wani mutum wanda ƙafafunsa suka shanye yana ɗan shekara 39, amma daga baya ya riƙe Amurka shekara 12, cikin talauci da kuma yaƙi. Sunansa Franklin Delano Roosevelt, shugaban Amurka na 32.

An haife shi ran 30 ga Janairu, 1882, a garin Hyde Park cikin Jihar Nuyok. Ɗan masu hali ne, bai taso ya san babu ba. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya koyi aikin lauya, ya auri matarsa Eleanor a 1905. A 1910 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan jiharsa, a 1913 kuma ya zama mataimakin sakataren sojan ruwa. Ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1920 ya sha kaye, amma kowa na ganin yaro ne mai sauran dama.

Sai gwaji ya zo. Cikin watan Agusta na 1921 yana hutu da iyalinsa, zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin 'yan kwanaki ƙafafu sun daina motsi. Likitoci suka ce shan inna ce. Mahaifiyarsa ta so ya bar siyasa ya koma gida ya huta, matarsa kuwa ta ƙarfafa shi kada ya yanke ƙauna. Shekara bakwai ya yi yana fama, har ya koyi tsayuwa da ƙarafa ɗaure a ƙafafu, da 'yar tafiya kaɗan, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya riƙe da ɗansa. Neman magani ya kai shi maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Warm Springs a Jihar Jojiya. A can ya zauna da yara guragu, ya ga manoma talakawa masu kwana a duhu babu lantarki. Ya zuba dukiya mai yawa ya mai da wurin gidan jinyar masu shan inna. A ganinmu wannan ita ce makarantar da ta shirya shi, gama wanda ya taɓa faɗuwa shi ya san zafin ƙasa.

An zaɓe shi gwamnan Nuyok a 1928. Shekara guda bayan haka, cikin Oktoba 1929, kasuwar hannun jari ta rushe, karayar arziki ta mamaye duniya, har kuɗin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas. A Amurka masana'antu suka rufe, bankuna dubbai suka karye da ajiyar mutane. Kafin 1933 mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki, magidanta suna bin layi domin karɓar burodi da miya. Cikin wannan hali jama'a suka zaɓe shi shugaban ƙasa.

Ran 4 ga Maris, 1933, ya fara zuwa sujada a majami'a da safe, sa'an nan ya yi rantsuwa a kan tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu, a buɗe a 1 Korantiyawa sura 13, mai zancen ƙauna. Bayan kwana biyu ya rufe dukan bankunan ƙasar domin a bincika su. Da daren 12 ga Maris ya shiga rediyo, ya yi wa talakawa bayani dalla-dalla, kamar uba yana hira da iyalinsa, yadda banki yake juya kuɗi, da dalilin da ya sa gudun tsoro yake karya ko banki mai lafiya. Da aka buɗe washegari, mutanen da suka ɓoye kuɗi ƙarƙashin katifa suka yi layi suna mai da su. Gaskiya da bayani a fili suka yi abin da bulala ba ta iya yi.

Daga nan aiki ya kankama. Matasa wajen miliyan 3 aka ɗauka shuka itatuwa da gyaran ƙasa, ana biyansu dala 30 a wata, dala 25 a ciki ana aika wa iyayensu. Aka gina madatsun ruwa a kwarin kogin Tennessee, lantarki ya shiga ƙauyuka. A 1935 ya sa hannu a dokar fansho ga tsofaffi da tallafi ga waɗanda aiki ya kuɓuce musu. Rashin aiki bai ƙare sarai ba sai lokacin yaƙi, amma zuciyar jama'a ta dawo.

Da Hitila ya ta da yaƙi a 1939, Amurkawa da yawa ba su son shiga. Roosevelt ya lallashe su har majalisa ta yarda a Maris 1941 a ba Ingila aron makamai. Wasu jiragen saman da aka tura Masar ta Kano da Maiduguri suka bi. Ran 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor, fiye da mutum 2,400 suka mutu, Amurka ta shiga yaƙi. A Janairu 1943, kan hanyarsa ta zuwa taro a Maroko, ya yada zango a Gambiya. Talaucin da ya gani ya ɓata masa rai ƙwarai, ya ƙara masa ƙin mulkin mallaka. Ran 6 ga Yuni, 1944, da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Faransa, ya jagoranci ƙasarsa cikin addu'a ta rediyo.

Ba za mu ɓoye laifofinsa ba. A 1942 ya ba da umurnin da ya sa aka tsare mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan a sansani, yawancinsu 'yan ƙasa ne marasa laifi, sai a 1988 gwamnati ta nemi gafararsu. Ya ƙi tsayawa a fili kan dokar hana kisan gilla da ake yi wa baƙar fata, domin kada ya rasa goyon bayan 'yan majalisar kudu. A 1939 kuma gwamnatinsa ta hana wani jirgin ruwa ɗauke da Yahudawa fiye da 900 masu gudun Hitila sauka. Mutumin da ya gargaɗi jama'a game da tsoro, ga shi shi ma tsoro ya rinjaye shi.

Sau huɗu aka zaɓe shi, abin da ba a taɓa yi wa wani ba. Ya rasu a Warm Springs ran 12 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 63, saura ƙasa da wata guda Jamus ta miƙa wuya. Majalisar Ɗinkin Duniya da ya yi ta fafutukar kafawa, bayan ransa ta tsaya.

Akwai gadonsa guda da ya shigo gidajenmu. Asusun yaƙi da shan inna da ya kafa a 1938 shi ya biya binciken da ya haifi allurar rigakafi, wadda aka yi shelar nasararta ran 12 ga Afrilu, 1955, shekara goma cif da rasuwarsa. 'Yan'uwa, idan mun ga gurgu a bakin ƙofa, kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Idan kuma an ɗora mana shugabanci, ko na gida ne ko na gari, mu faɗa wa mutane gaskiya, mu kuma kula da waɗanda ba su da mai tsaya musu.