Polly Hill: Baturiyar da ta ƙirga manoman Batagarawa

An haifi Polly Hill a birnin Cambridge na Ingila a 1914, cikin gidan ilimi. Mahaifinta, A. V. Hill, ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, kawunta kuma shi ne shahararren masanin tattalin arzikin nan, John Maynard Keynes.

Ta karanta ilimin tattalin arziki a Jami'ar Cambridge. Daga 1940 zuwa 1951 ta yi aikin gwamnati, ciki har da ofishin kula da ƙasashen da Birtaniya ke yi wa mulkin mallaka.

A 1954 ta koma ƙasar da a yau ake kira Ghana, inda ta shafe shekaru fiye da goma tana bincike a jami'a kan manoman koko. Ta nuna cewa 'yan ƙasar ne da kansu suka gina wannan noma, ta hanyar ƙaura da sayen filaye da kuɗinsu.

A 1967 ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina. Maimakon ta dogara da alƙaluman ofis, sai ta bi gida-gida tana ƙirga mutane da gonaki.

Da taimakon mutanen garin, ta kasa magidanta 171 kashi huɗu, gwargwadon yadda kowa ke iya jure yunwar damina, kafin sabon hatsi ya shigo.

Sakamakon ya ƙaryata zaton masana da yawa na lokacin, cewa manoman karkara duk ɗaya suke wajen talauci. Mai hali yakan ajiye hatsinsa a rumbu har farashi ya tashi. Talaka kuwa yakan sayar da nasa da kaka da araha, da damina kuma ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ta zama saura.

Ta kuma jawo hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, ta hannun yara masu talla. Wannan kasuwa ce babba da ƙididdigar hukuma ba ta gani.

Littafinta kan Batagarawa, Rural Hausa, ya fito a 1972. Ta kuma yi bincike a Dorayi, wadda a lokacin ƙauye ce mai cunkoson jama'a a gefen Kano, ta wallafa shi a 1977.

Daga 1973 zuwa 1979 ta riƙe babban muƙamin koyarwa da bincike a Cambridge. A wani littafi da ta fitar a 1986, ta soki masu tsara ayyukan raya ƙasa da ke dogara da alƙaluman da ba wanda ya je gona ya tantance.

A zamanin bincikenta ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Tambayar da ta yi a Batagarawa ta shafi irin wannan aiki: yawan buhunan shinkafa ko kwandunan tumatir da aka girbe ba ya nuna wanda ya amfana, da wanda ya jinginar da gonarsa.

Polly Hill ta rasu a 2005, tana da shekara 91.