Lamiɗo Zubairu da rikicin sauke kaya a gaɓar Binuwai

Wanda ya tsaya a Vinikilang ya dubi Jimeta a tsallaken Binuwai, kwale-kwale da masunta zai fi gani. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 wannan ruwa shi ne babbar hanyar da hajar teku ke bi ta iso ƙasar Fombina, kuma takaddama a kan wanda ke da ikon ba da izinin sauke ta tana cikin abubuwan da suka raba Lamiɗo Zubairu da gadon sarauta.

Zubairu ɗa ne ga Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kafa Yola a 1841. Bayan rasuwar Adama a 1847, 'ya'yansa Lawal da Sanda suka yi mulki ɗaya bayan ɗaya, sannan sarauta ta zo hannun Zubairu a 1890. Ya gaji ƙasa mai faɗi, wadda mafi yawanta ke cikin Kamaru ta yau.

Ya gaji kuma wani baƙo mai wuyar sha'ani, wato kamfanin Royal Niger, wanda gwamnatin Ingila ta ba takardar izinin mulki da ciniki a 1886. Jiragen kamfanin masu tafiya da tururi sukan taso daga bakin teku, su biyo Neja zuwa Lakwaja, su shiga Binuwai. Ba sa isa Yola sai da damina ta nutsa, ruwa ya cika, saboda haka cinikin shekara guda a 'yan watanni ake yin sa. Su sauke gishiri da yadi, su ɗauki hauren giwa da ƙaro. Shekaru da dama ma'aikatan kamfanin suna ciniki ne daga wani tsohon jirgi da aka girke a kan ruwa ya zama rumbun kaya, domin fadar Yola ta gane cewa baƙon da ya gina rumbu a tudu, gobe tuta zai kafa.

Zubairu ya yi ƙoƙarin haɗa Turawa gasa da juna don kada ɗayansu ya mallake kogin. Ya karɓi Louis Mizon, hafsan sojan ruwa na Faransa, a 1891 da kuma 1893, har ya samu igwa biyu daga gare shi. Sai dai an yanke hukuncin a inda ba a ji ta bakinsa ba: yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta raba ƙasarsa biyu, Yola ta faɗa ɓangaren Ingila, akasarin garuruwan da ke biyayya gare ta suka koma ɓangaren Jamus. A cikin gida ma ba a bar shi ya huta ba, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya kafa sansani a Balda, ya kuma rinjaye shi a fagen daga.

Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin, Lugga ya zama Babban Kwamishina. A 1901 Zubairu ya tilasta wa kamfanin barin mazauninsa. Turawa suka haɗa wannan da batun farautar bayi, wadda lalle ana yin ta a ƙasar, suka mai da su hujjar yaƙi. Ranar 2 ga Satumba, ruwa na cike, Kanar Morland ya auka wa Yola da sojojin da jirage suka kawo ta hanyar da gishiri ke bi. An yi amfani da igwar Mizon wajen kare fada, amma gari ya faɗi. Aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Zubairu bai miƙa wuya ba. Ya gwabza da Jamusawa a Garwa, ya sake karawa da su a Marwa a Janairun 1902, aka ci shi duka biyun. A 1903 aka kashe shi a ƙasar Lala.

Bayansa Jimeta ta bunƙasa ta zama tashar jirage da mazaunin hukuma, gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa teku da damina. Daga lokacin, izinin sauke kaya da kuɗin fitonsu suka bar fadar Lamiɗo.