MALAM ALIYU NAMANGI (1894–1990): MAKAHON DA YA YI WA MASU IDO JAGORA



Duk wanda ya taɓa zama cikin mota a tashar Jega ranar kasuwa, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu, ya san wannan murya. Makaho ne tsaye a bakin taga, sanda a hannu, ɗan jagora a gabansa riƙe da ƙoƙo, yana rera doguwar waƙa mai sanyaya jiki. Mukan miƙa abin da ya sawwaƙa, mota ta tashi, mu manta da shi. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar wanda ya tsara baitocin. Sau da yawa na waƙoƙin Imfiraji ne, kuma wanda ya tsara su, Malam Aliyu Namangi na Zariya, shi ma makaho ne.

Wani zai yi mamakin ganin tarihin malamin Musulunci a wannan shafi. Gaskiya ne, Malam Aliyu Musulmi ne, cikin addininsa ya rayu, cikinsa kuma ya rasu, ba kuwa za mu jingina masa abin da bai faɗa ba. Amma tun 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta koya mana mu dubi Musulmi da idon girmamawa, mu kuma yaba alheri duk inda muka same shi. Harshenmu ɗaya da wannan bawan Allah, kasuwarmu ɗaya da masu rera waƙoƙinsa, kuma tambayar da rayuwarsa ta ɗora mana ta shafi kowane gida a Jega da Aliero da Maiyama: me muke yi da yaron da ba ya gani?

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Aliyu wajen shekarar 1894 a yankin Zariya. A lokacin ƙasar Zazzau tana ƙarƙashin Daular Sakkwato, Turawa ba su riga sun karɓe ta ba. Tun yana ƙaramin yaro ya rasa ganinsa. A wancan zamani ƙyanda da agana sukan ratsa gari, su kashe yara da dama, su bar waɗansu da makanta, ga shi babu allurar rigakafi a ƙauyuka, babu asibitin ido.

Hanyar da aka shimfiɗa wa makaho a ƙasar Hausa sananniya ce. A manyan garuruwa akwai unguwar makafi, akwai Sarkin Makafi mai sasanta tsakaninsu, mai kai kukansu fada, kamar yadda kutare da guragu suke da nasu sarakunan. Wannan tsari yana da kyaunsa, domin bai bar mutum shi kaɗai ba. Sai dai abincin da ya tanadar wa yawancinsu na bara ne. Yaron da ya makance, tun kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa sana'a: sanda, da ƙoƙo, da ƙofofin mutane.

KARATU DA KUNNE

Aliyu bai tsaya inda aka ajiye shi ba. Ya shiga karatu. Ya koyi Alƙur'ani da sauran fannonin addini a wurin malamai, ta hanyar saurare da maimaitawa da hadda. Abin da ɗalibi mai ido zai duba a allo ko a takarda in ya manta, shi dole ya ajiye shi a ka, domin ba shi da wata ma'ajiya. Da haka ya san Larabci, ya san ma'aunin waƙa, ya kuma mallaki Hausa irin wadda ba kowa ke kai gare ta ba.

A nan ya kamata mu dakata mu lura da wani abu. Makaho ba ya haddace littafin da ba a karanta masa ba. Ashe ke nan a bayan wannan shahara akwai mutanen da suka zauna da shi: malamin da bai kore shi daga zaure ba, ɗalibin da ya maimaita masa darasi, da wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da yake shiftawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Basirar daga Allah take, amma mutane ne suka buɗe mata ƙofa. Da sun rufe, da an sami ƙarin mabaraci ɗaya a titin Zariya, da kuma harshen Hausa ya yi babbar asara ba tare da kowa ya sani ba.

WAƘOƘIN IMFIRAJI

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Imfiraji. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci, wato sauƙin da ke zuwa bayan tsanani. Doguwar waƙa ce mai kashi-kashi, an buga kashi tara a Zariya, an kuma sake bugawa sau da dama. A cikinta akwai yabon Allah da begen Annabin Musulunci, akwai gargaɗi kan ruɗin duniya, da tuna mutuwa da kabari da ranar hisabi, akwai kuma tsokaci kan halayen mutanen zamani: rowa, da ƙarya, da girman kai, da cin amana.

Abin da ya sa ta shiga zukata shi ne, malami ne ya tsara ta, amma da harshen da mai tallar goro da mai sassabe za su gane. Ba ya jin kunyar raha, yakan kawo misali daga kasuwa da gona da zaman gida. Yana da wata waƙa a kan keke, wanda a zamaninsa sabon abu ne, mutane kuma suka riƙa jin daɗinta saboda barkwancinta. Wanda bai taɓa ganin fuskar mutum ba tun yana yaro, sai ga shi yana zayyana halin ɗan Adam yadda masu ido suka kasa. Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Waƙoƙin sun bi hanyoyi biyu. Sun shiga littattafai da rediyo da kaset, har suka zama abin nazari a makarantu da jami'o'i. Sun kuma shiga bakin makafi, waɗanda suka haddace su suna rerawa a kasuwanni da tashoshi, daga Zariya har bakin Gulbin Zamfara. Ta haka makaho ɗaya ya ba 'yan'uwansa masu yawa abin da za su miƙa wa jama'a a madadin sadakar da suke karɓa.

ZAMANIN SAUYI

Malam Aliyu ya yi tsawon rai, kusan shekara 96, duniya kuwa ta juya sau da yawa a kansa. Yana yaro Turawa suka ci Zariya a 1902. A zamaninsa jirgin ƙasa ya iso, boko ya zo ya zauna kusa da ajami. A garinsa aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ya ga samun mulkin kai a 1960, in ji masu ido, shi kuwa ya ji shi da kunne, ya auna shi da hankali. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda daga baya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya kuma sauke farali, shi ya sa ake kiransa Alhaji Dakta Aliyu Namangi. Har ya riski shekarar 1980, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Ya rasu a 1990, shekara guda kafin a ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi.

Bai riƙe mulki ba, bai ja runduna ba. Duk da haka in shugabanci shi ne mutane su ji maganarka su gyara tafiyarsu, to ya yi shugabanci fiye da masu rawani da yawa waɗanda an riga an manta da sunayensu. Ranar da manyan malaman jami'a suka miƙe tsaye domin makahon da bai taɓa zama a ajin boko ba, ranar an gyara wani ma'auni da ya daɗe a karkace.

BA SHI KAƊAI BA NE

Tarihin Ikkilisiya ya san irinsa. A ƙarni na 4 an yi Didimus Makaho a Iskandariya ta ƙasar Masar. Ya makance yana da kimanin shekara 4, amma ya shugabanci shahararriyar makarantar koyar da addini ta birnin, har Waliyyi Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya zauna a gabansa ya ɗauki karatu. A Faransa kuma an yi Luwi Brel, wanda aka haifa a 1809. Ya ji rauni a ido yana ɗan shekara 3 a shagon mahaifinsa, ya makance. Fadan ƙauyensu ne ya fara koya masa karatu, ya kuma yi masa hanyar makaranta. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun makafi mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, wanda duniya ke amfani da shi har yau. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna ba da labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, aka kuma sha bar masa jagorancin salla a birnin.

Cikin Bishara ta Yohanna, sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubinsa ne ko na iyayensa ya jawo masa. Ubangijinmu Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan kowa, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai bayyana ta wurin mutumin. Shekara dubu biyu ke nan, amma har yanzu tambayar almajiran muke yi a ɓoye, muna zargin maita, ko baki, ko laifin uwa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Makafin da ke rera Imfiraji a tasha shaida ne na girman Malam Aliyu, shaida ne kuma na gazawarmu, domin fiye da shekara 30 bayan rasuwarsa, bara ce dai muka bar musu. Ɗan jagoran nan ma da ke riƙe da ƙoƙo, lokacin makaranta ne yake tsaye a rana. Makanta ɗaya ta cinye rayuwa biyu.

Mu mutanen wannan yanki mun san darajar gyara abin da ya karye. Daga nesa ake kawo masu karaya wurin masu ɗori na Aliero. Amma in ƙafa ta ƙi ɗoruwa, ko ido ya ƙi buɗewa, sai mu rasa abin yi da mutumin, mu kai shi ƙuryar ɗaki. Mu ma masu hidimar Ikkilisiya ba mu kuɓuta ba. Mun gina majami'u masu matakala da gurgu ba ya iya hawa. Mun yi shekaru muna koyar da katikisma ba mu tambayi inda kurame da makafin yaranmu suke ba. Sau nawa muka zaɓi nakasasshe cikin majalisar Ikkilisiya, ko shugabancin mawaƙa, ko na Zumuntar Mata? Mun iya ba su sadaka a bakin ƙofa, ba mu iya ba su kujera a ciki ba.

Hanya kuwa a buɗe take fiye da zamanin Malam Aliyu. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta kuma nuna cewa yaron da ba ya gani yana iya karatu kamar kowa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar ƙasa da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukuma. Amma doka ba ta da ƙafa, sai mutane sun ɗauke ta.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na farko, iyaye su kai yara allurar rigakafin ƙyanda, su kuma kai mai ciwon ido asibiti da wuri, domin makanta da yawa ana iya tare ta, yanar ido ma ana cire ta mutum ya sake gani. Na biyu, kowane katikis ya san gidajen da ke da yaro makaho, ko kurma, ko gurgu a ƙauyensa, ya kawo mana labari, mu nemi makarantar da ta dace tare. Na uku, in za a gyara majami'a ko aji, a fara da ƙofar shiga. Na huɗu, in an zo zaɓen shugabanni, a dubi hankali da riƙon amana, kada a tsaya kan ido da ƙafa. Wannan aiki kuwa ba na Kirista kaɗai ba ne. Mu yi shi tare da limamai da masu unguwanni da Sarkin Makafi, gama ƙyanda ba ta tambayar addinin gida kafin ta shiga.

In kun sake jin wannan murya a tashar Jega, ku ba da sadakarku kamar kullum, amma ku ɗan saurara. Ku tambayi mutumin sunansa, ku tambayi yaron ko yana zuwa makaranta. Wa ya sani ko akwai wani Aliyu a Maiyama ko Aliero, zaune a bayan ɗaki, yana jiran wanda zai karanta masa shafin farko?

Allah ya buɗe idanun zukatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.