Melvin Calvin, masanin da ya gano yadda tsirrai ke haɗa abincinsu

An haifi Melvin Calvin a ranar 8 ga watan Afrilun 1911 a birnin St. Paul na jihar Minnesota a ƙasar Amurka. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai.

Ya samu digirinsa na uku a fannin kimiyyar sinadarai a shekarar 1935, sannan ya fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1937.

Tun kafin zamaninsa masana sun san cewa ganye na amfani da hasken rana da ruwa da iskar kabon dayoksaid wajen haɗa sukarin da tsiro ke rayuwa da shi. Matakan da ake bi kafin a kai ga sukarin ne suka shige musu duhu.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Calvin da abokan aikinsa Andrew Benson da James Bassham sun riƙa shayar da gansakuka iskar da ke ɗauke da sinadarin kabon-14, wanda ake iya bin sawunsa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai su kashe gansakukar cikin tafasasshen sinadarin alkohol, su duba inda kabon ɗin ya tsaya. Ta haka suka gano matakan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki ne ya sa aka ba Calvin lambar yabo ta Nobel a 1961, shi kaɗai. Masana da dama na ganin ba a yi wa Benson adalci ba, ganin irin rawar da ya taka kafin ya bar ɗakin binciken a 1954.

Calvin ya rasu a ranar 8 ga watan Janairun 1997 yana da shekaru 85.

A kan tubalin da ya aza ne masana ke sauya ƙwayoyin halittar tsirrai domin ƙara yawan amfanin gona. A 2018 masu bincike a Jami'ar Illinois sun bayyana cewa sun samar da tabar da ta rage shan ruwa da kashi 25 cikin ɗari, ba tare da ta yi wata raguwa ta a zo a gani ba.

Daga cikin amfanin gonar da masu binciken suka sa a gaba har da wake da rogo, waɗanda miliyoyin manoman Afirka suka dogara da su a yankunan da damina ke yawan yin gardama.