Marigayiya Ladi Kwali: Daga Randar Ƙauye Zuwa Bayan Naira Ashirin

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana gina tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali. A garinmu Maikunkele, kusa da Minna, mun taso mun tarar da randa a ɗakin kakanninmu, amma yau jarka da ledar ruwa sun kusa korar ta. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wannan baiwar Allah, domin rayuwarta ta nuna abin da ke faruwa idan sana'ar gargajiya ta haɗu da kasuwa.

Haihuwarta da Tasowarta

An haife ta wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Ita 'yar ƙabilar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma a wurinsu ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana yarinya ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba a amfani da inji. Maginiya kan murza yumɓu, ta ɗora shi zagaye-zagaye, tana kewaya tukunyar tana shafewa har ta tashi. Idan ta bushe sai a gasa ta a fili da itace da ciyawa. A jikin tukwanenta Ladi takan zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi.

Irin wannan randa hikima ce babba. Yumɓunta na gida ne, makamashinta na gida ne. Jikinta yana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi ba tare da lantarki ba. Idan ta fashe, ƙasa ce ta koma ƙasa.

Haɗuwarta da Michael Cardew

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, yana cikin waɗanda suka tara tukwanenta. A fadarsa ne wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya fara ganin aikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko shi domin ya bunƙasa sana'ar tukwane, ya kuma kafa cibiyar koyarwa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta Jihar Neja a yau. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta. Nan ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, da shafa wa tukunya ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

Daga nan sunanta ya yi tashe. An baje kolin tukwanenta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana nuna yadda ake gini. Duk da cewa ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta sami lambar MBE a 1963 da ta OON a 1981.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a tanderu ta fi ƙarko da ɗaukar ido, amma kafofinta sun toshe, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da ba a iya ɗaukar ta zuwa rafi, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka. Siffarta ta randa ce, amma aikinta ya koma ado a falon masu hali da gidajen tarihi na Turai. Wato kasuwa ta biya kuɗin kyanta, ta bar amfaninta.

Ba za mu ga laifin Ladi ba. Cibiyar ta ba ta albashi da daraja, ta buɗe wa wasu mata ƙofa, kuma har ƙarshe ba ta bar gini da hannu irin na Gbagyi ba. Sai dai tsarin jari-hujja ya fi son kayan da ake yi da yawa, su lalace da wuri, a sake saye. Shi ya sa roba ta cika kasuwanninmu, ledoji kuma suka toshe mana magudanan ruwa.

Kammalawa

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, kuma hotonta yana kan kuɗinmu. To, amma matan da har yanzu suke gini a ƙauyukan Gbagyi ba hoto suke buƙata ba, masu saye suke nema. Mu ɗaliban harshe kuma akwai namu aikin: mu je wurinsu mu rubuta sunayen tukwane da kayan aiki da Gbagyi da Hausa tun masu sanin suna raye. In hali ya yi, mu dawo da randa ɗaya gida.