Walter Gowans: Iri Da Aka Binne A Girku

Ya mai karatu, kai manomi ne, ka san abin da ake yi da iri. Ko a shekarar yunwa, kamar 1973 da 1984 sa'ad da rumbunan Damargu suka zama wofi, mai hankali yakan ɓoye ɗan gero saboda shuka. Idan ruwa ya sauka sai ya zuba shi cikin rairayi, ya rufe da ƙafa. Wanda bai san noma ba zai ce an yi asara. Bari in ba ka labarin wani saurayi wanda aka binne kamar iri.

Sunansa Walter Gowans, daga birnin Toronto na ƙasar Kanada. Ya ji labarin ƙasashen da Turawa suke kira Sudan a zamanin nan, wato ƙasar Hausa da Barno da kewayensu, inda mutane miliyoyi ba su taɓa jin bishara ba. Abin ya hana shi barci. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi, ba wadda ta yarda. Amma mahaifiyarsa ta tsaya masa da addu'a. Ita ce ma ta yi magana da wani saurayi, Rowland Bingham, har shi ma ya ji kira. Na ukunsu Thomas Kent ne, mutumin Amurka.

Ran 4 ga Disamba 1893 suka sauka Ikko. Ba su da albashi, ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Waɗanda suka riga su zama a bakin teku suka gargaɗe su cewa ba za su ga ƙasar da suke nema da idonsu ba. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya Ikko domin ya riƙa aika musu guzuri. Gowans da Kent suka nufi arewa har Bida. Da guzuri ya ƙare Kent ya juya domin ya kawo ƙari, Gowans kuwa ya ci gaba shi kaɗai.

Kwanakin nan na yaƙi ne da kamun bayi. Gowans ya faɗa hannun mayaƙa, kayansa suka salwanta, ciwo kuma ya ci ƙarfinsa. A watan Nuwamba 1894 ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, bai kai shekara 30 ba. Ba uwa kusa, ba ɗan'uwa. Kafin shekarar ta ƙare Kent ma ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida a 1895. Ba majami'a ko ɗaya, ba wanda aka yi wa baftisma.

To, ɗan'uwana, Allah ya yashe shi ke nan? Wannan ita ce tambayar da mukan yi sa'ad da fara ta cinye gona, ko yaro ya mutu a hanyar asibiti, ko dangi suka juya mana baya saboda sunan Yesu. Mukan zaci idan Allah yana tare da mu ba za mu sha wuya ba. Littafi Mai Tsarki bai yi mana wannan alkawari ba. Alkawarin da ya yi shi ne Ubangiji ba zai bar mu ba, ko cikin wuyar. Duba Ibraniyawa 13:5 da Matiyu 28:20.

Ta yaya muka tabbata? Domin Yesu da kansa ya riga ya bi wannan hanya. Ya bar ɗaukakarsa, ya ji yunwa da ƙishi, almajiransa suka gudu suka bar shi, ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Makiyayin da ya ba da ransa domin tumaki ba zai manta da tunkiya guda da take kwance a bukka a Girku ba. Mahaifiyar Gowans ta gane haka. Da Bingham ya je gaishe ta, ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a kan hanyar biyayya ta fi mata zamansa a gida yana ƙin kiran Ubangiji.

Sa'an nan iri ya tsiro. A 1902 aka kafa tashar mishan ta fari a Patigi. A 1924 masu bishara na wannan ƙungiya, SIM, suka zauna Damagaram. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi. Gowans bai ga ko ɗaya cikinsu ba. Karanta Yahaya 12:24 tare da iyalinka yau da dare, za ka ga Yesu ya faɗi haka tun da wuri.

Wataƙila gidanka ne kaɗai na masu bi a ƙauyenku, can wajen Tanut ko Belbeji, fasto yana nesa, rijiya tana nesa. Kada ka auna kasancewar Allah da cikar rumbu. Ka auna ta da gicciye. Ka tara 'ya'yanka ku yi addu'a, ka danƙa masa damuwarka da bakinka. Wanda ya tsaya tare da Gowans a Girku yana nan tare da kai. Ubangiji ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.